Nasarorin Da Jidda Ta Bar Maka

Kwamba, Suleja
Alhamis, bayan azahar

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin natsuwa. Allah Ya kiyaye ka a zaune da tafe, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa.

Za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, daga ƙofata zuwa taka bai fi taku shida ba, amma na zauna ina rubuta maka takarda. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari. Tun da aka haife ka ban taɓa kama sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dube ka na ce ga abin da ke raina ba. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu, haka na yi. Shekara talatin da ɗaya, in ina da magana da kai sai dai in aika. Da mahaifinka nake aikawa, da Allah Ya karɓi abinSa na koma aiken ƙanwarka Jidda. Wannan kuwa ba ta aikuwa, don Jiddar tana cikinta. Bakina ma na gwada shi sau uku a makon nan, ina buɗewa sai in ji na tambaye ka ko ka ci abinci.

To ga maganar, ba zan yi ta kewaye ba. Cinye Jidda da kake ta yi a gem ɗin nan naku na faɗa, wata biyu da rabi ke nan, ba hannunka ne ya dawo ba. Ita take bar maka. Ni na sa ta. Kuma a kan wannan nasarar ce ka ajiye aikinka na gyaran waya a Abuja, ka ce jibi za ka hau motar Legas ka shiga gasa, in ta yi kyau can za ka zauna. In na bar ka ka tafi ban faɗa ba, na cuce ka sau biyu ke nan.

Na san a nan za ka so ka ninke takardar. Ka daure ka kai ƙarshe, in ya so ka yi fushin gaba ɗaya.

Laifin bai faro daga kan Jidda ba. Ya faro tun kana ɗan shekara goma sha biyu, da muka taso daga Zariya mahaifinka ya samu tuƙi a Abuja muka kama haya a nan. Ba mu yi wata uku ba ka gano gidan gem ɗin nan na hanyar Bagama. Na sa an dake ka a kansa, ba sau ɗaya ba. Daga baya na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce in babu caca a ciki, kuma bai hana salla da aikin gida ba, in sa ido kawai. Na sa ido. Kuma ina yi maka shaida, ban taɓa ganin an kira salla ka ƙi ajiye abin dannawar nan da kuke ce wa fad ba. Amma sa idon nawa na neman laifi ne. Ban taɓa tsayawa na ga abin da kake yi ba.

Wata rana na hau keke daga kasuwa, mai keken ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Mama, ba ke ce maman Walƙiya ba?"

Na ce, "Wace walƙiya kuma ana zaune lafiya?"

Ya ce, "Ɗanki mana! Wallahi duk Suleja babu mai taɓa shi. Yatsun nan nasa ba a ganinsu. Har daga Madalla ake zuwa a gwada shi a koma gida shiru."

Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Allah Ya shirya." A raina kuwa wani daɗi ne ya cika ni har na ja mayafi na rufe bakina kada ya ga ina murmushi. Na iso gida na same ka a tsakar gida kana wanke takalmi. Na wuce ka na shiga ɗaki. Ko "Allah Ya yi albarka" ban ce ba.

Yanzu nake gane ɓarnar. A waje kana da suna, a gida ba ka da mai ce maka sannu. Kai da ka iya gyaran wayar da wasu suka ce ta mutu, kai da ka riƙe gidan nan bayan rasuwar mahaifinka ba tare da ka taɓa yi mana gori ba, duk ban yaba maka ko ɗaya da baki ba. Sai ya zama yabon da ka sani a duniya ɗaya ne, na saurin yatsa. Shi ya sa da saurin ya fara ja da baya ka ji kamar kai ɗin ne gaba ɗaya kake ƙarewa. Babana, sunan da 'yan unguwa suka laƙaba maka kana yaro kada ka ɗauke shi kamar shi ne kai. Sun sa maka shi don abin da suka gani a lokacin, kuma za su sa wa wani gobe. In Allah Ya ba ka naka 'ya'yan, ka zauna ka kalli abin da hannunsu ya iya, ko da kai ba ka ga amfaninsa ba, ka buɗe baki ka faɗa musu. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a wurinta, ni ce na wuce da ita inda ba ta da aiki.

Ka tuna ranar Lahadin nan bayan Babbar Salla, da la'asar, da abokinka Nura da sauran suka cika falo. Ina kicin ina jin ku. Nura ne ya ce a ba Jidda fad ta gwada yayanta, don an ce tana cinye samarin layinmu. Kai kanka ka yi dariya ka ce, "Zo nan, 'yar makarantata." Ai kai ka koya mata, tun tana 'yar shekara tara kana ba ta fad ɗin da ba a jona ba tana dannawa tana murna ita ma tana wasa.

Ta cinye ka sau biyar a jere.

Na farko an yi shewa. Na biyu Nura ya ce, "Oga, ka bar wasa da yarinya mana." Na huɗu ya miƙe tsaye yana tafa hannu: "Kai jama'a! Walƙiya ta koma fitilar ƙwai! Abeg a kawo wa tsoho kujera mai jingina!" Kowa ya kwashe da dariya, har da kai. Amma ni na leƙo ta labule, na ga kana dariya kana kallon babban yatsanka kamar na wani ne aka ara maka.

Da suka watse ka zo ƙofar kicin ka tsaya. Ba ka saba tsayawa a nan ba. Ka ce, "Umma, abin mamaki. Ina ganin dukan yana zuwa. Na san abin da zan danna. Kafin yatsan ya kai, an riga an gama."

Ka kawo mini maganar har ƙofa, Babana. Ni kuma na ce, "Allah Ya kyauta. Ga tuwonka can a rufe."

Wannan amsar tana cikin abubuwan da nake istigfari a kansu. Da a ranar na juya na ce maka, "Zauna, ni ma na san wannan," da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Don na san shi. Zan zo kansa.

Makonnin da suka biyo ka sauya fad, ka ce tsohon ya saki. Ka ce talabijin ɗin ce take jinkiri. Ka sayo 'yar ƙwallon roba kana matsawa a hanyar Abuja, kana jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ka zauna. Abincinka ya riƙa dawowa rabi. Jidda in ta gaishe ka sai ka ce "lafiya" ba ka ɗago ba. Ita kuma ta riƙa raɓe-raɓe a gidan ubanta kamar wadda ta yi sata. Na kasa jurewa. Maimakon in zo wurinka, na bi hanyar da na saba. Na kira ta tana wanke-wanke.

Na ce, "Jidda, ki riƙa sassauta wa yayanki."

Ta ce, "Sassautawa kamar yaya, Umma?"

"Kin san abin da nake nufi. Ki bar shi ya riƙa ci."

Ta ajiye kwanon ta ce, "Umma, ai zai gane. Yaya fa shi ya koya mini."

Na ce, "In kin iya kamar yadda ake faɗa, ba zai gane ba."

Ta ce a hankali, "To wannan ba ƙarya ba ce?"

Ni da na haddace mata hukuncin ƙarya tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba, na ɗaure fuska na ce, "Ni za ki koya wa ƙarya da gaskiya? Girmama na gaba ne. Kina jin daɗi ana yi wa yayanki dariya a cikin gidansu?" Ta fashe da kuka ta ce to.

Kuma ta iya ɗin. Ba ta bar maka duka ba. Sai ta ci ɗaya ta bar maka biyu. Ta ce mini ba wani abu take yi ba, jinkirta yatsa take yi kamar ƙiftawar ido, daidai yadda naka zai riga. Wani lokaci har ta buga ƙafa ta ce, "Kai Yaya, wannan ai mugunta ce!" kai kuma kana ƙyalƙyala dariya kana cewa, "Ke dai yarinya ce, koma makaranta." Gidan ya dawo da hayaniyarsa. Kwanonka ya riƙa dawowa a share. Na ce a raina ai ga shi na gyara.

Ranar da ka shigo da fara'a ka ce, "Umma, hannuna ya dawo!" na ce, "Alhamdu lillahi." Na ambaci sunan Allah a kan abin da na san ba haka yake ba. Wannan ta fi komai ci mini rai. In na ɗaga hannu ina addu'a sai in tuna ta.

Daga nan sai ga maganar Legas. Muna cin abinci ka ce, in har kana cinye Jidda, wadda babu saurayin da ke iya mata a Kwamba, to yaran Legas ba za su gagare ka ba, kuma in ba ka gwada yanzu ba shi ke nan har abada. Jidda ta ɗago ta dube ni ta saman kwano. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah Ya zaɓa mafi alheri." Kwana goma sha ɗaya ke nan ina jiran ƙarfin halin da zan faɗa, har ka je ka sallami maigidanka.

Abin da zan roƙe ka a nan shi ne kada ka ɗora wa yarinyar nan komai. Ta ƙi, na tilasta mata da sunan biyayya. Sau biyu tana zuwa ta ce, "Umma, ki bar ni in gaya masa," ina cewa ta dakata. Kuma ka ɗauki darasi a kaina: duk inda ka je, ka ji tsoron mai tausayinka da zai ɓoye maka gaskiya fiye da mai yi maka dariya. Nura ya ba ka haushi, amma abin da ya gani ya faɗa. Ni da nake son ka ni na ɗaure maka ido. In ka samu wanda zai buga da kai da dukkan ƙarfinsa ya cinye ka, sannan ya zauna ya nuna maka inda ka faɗi, ka riƙe shi.

Na ce maka na san abin nan na yatsa. Ka tuna tabon da ke wuyan hannuna na dama, wanda na ce muku tukunya ce ta suɓuce? Ba tukunya ba ce.

Shekara goma sha huɗu ina tuyar masa a bakin titi da sassafe, ma'aikata masu sammakon Abuja suna saye kafin su samu mota. Tandata mai gurbi goma sha biyu ce. A lokacin da nake ni, ina zuba ƙullu a na ƙarshe, na farko ya isa juyi, hannuna yana zagayawa ba ya tsayawa, ina yi ina amsa gaisuwa ina ƙulla wa mutum a leda. Wuta kuwa sai na cika ta, don masu jiran mota ba sa jira. Har cewa ake yi in kana sauri ka je wurin Maman Jidda.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura ina ganin bakin masa ya yi ja, na san ta isa, amma kafin tsinken ya kai ta wuce. Ɗaya a cikin goma sha biyu, daga baya uku. A daidai lokacin wata matashiya mai suna Asabe ta fara zuwa daga Chaza ta kafa tandarta a tsallaken titi. Hannunta kamar ba ƙashi. Na ga layina yana raguwa nata yana tsawo.

Me na yi? Na ƙara wuta. Na ce in ita tana fitar da tanda a minti kaza, ni ma sai na fitar. Na ce itacen bana ne ba shi da kyau. Na ce shinkafar ce. Na sauya tanda, kamar yadda ka sauya fad. Wani dattijo direba da ya shekara yana saye a wurina ya gutsura wata safiya, ya dube ni ya ce, "Maman Jidda, yau waje ya ƙone, ciki ƙullu." Na ce masa in bai so ga wata can a tsallake. Ya tsallaka kuwa, bai sake dawowa ba. Bayan kwana kaɗan, ina kokawar juya uku a lokaci ɗaya, tsinke ya zame, tafasasshen mai ya kwaro mini a hannu. Kwana ashirin ina gida. Kunya ta hana ni gaya muku gaskiya, don in na faɗa sai na faɗi cewa hannuna ya rage.

Cikin masu zuwa dubiya har da Asabe. Na karɓe ta a daƙile. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Mama, wallahi ni ke nake kallo nake koyo. Ni sai na ɗaga masa na leƙa nake sanin ta yi. Ke kuwa na ga ko kallon tandar ba kya yi." Bayan ta tafi na yi ta juya maganar. Gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha huɗu sun sa kunnena ya san ƙarar mai in masa ta kusa. Akwai yadda sautin yake sauka kafin ta isa juyi. Ina da wannan tun tuni, amma ban dogara da shi ba, saboda saurin hannu yana isata.

Da na koma na rage wuta. Gurbi takwas nake cikawa in bar huɗu. Na daina jiran idona ya ga ja, da na ji ƙarar ta sauka hannuna ya kama hanya, sai ya isa daidai. Masata ta daina ƙonewa. Ba zan yi maka ƙarya in ce layina ya dawo ba, na gaji da ƙarya. Masu sauri sun zauna wurin Asabe, ban sake zama ta farko a bakin titin nan ba har na bari. Wasu safiyoyin ina kallon hannunta daga tsallake sai in ji ƙwalla, in ce hayaƙi ne. Amma na ƙara shekara biyar ina sana'ata da mutuncina, da waɗanda suka fi son mai kyau ko da za su jira.

Abin da ya tafi ya tafi, Babana. Ba ƙwallon roba, ba ruwan ɗumi. Allah ne Ya ara mana, kuma ba Ya sanar da ranar da zai fara karɓa. Ka yi baƙin cikinsa, halal ne, ni ma na yi. Abin da ba na so shi ne ka ƙara wuta.

Ni ban san gem ba. Amma wata biyu da rabin nan na kalle ku fiye da duk shekarun baya, ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Tsoron kada ka gane ne ya zaunar da ni, ba wani abin kirki ba, amma dai na ga abubuwa. Na ga kullum a cikin mutanen gem ɗin siririn nan mai tsalle-tsalle kake ɗauka, wanda kake ɗauka tun kana yaro, shi kuwa na lura sai mai yatsa kamar na Jidda. Na kuma ji ka sau da yawa kana cewa a ƙasan maƙoshi, "Za ta yi tsalle," kafin ta yi, sai kuwa ta yi. Ka riga ka sani, amma sai ka tsaya idonka ya tabbatar kafin ka danna, don haka ka saba tun lokacin da jiran ba ya cutar da kai. Shekara goma sha tara kana kallon yadda mutane suke faɗa a akwatin nan. Ka san mai tsoro, ka san mai gaggawa, ka san wanda in jininsa ya ragu a layin nan na sama zai rufe ido ya afko. Yaro ɗan sha bakwai ba shi da wannan, yatsa kawai gare shi. Ka dogara da abin da ka sani. Wani lokaci za ka yi zato ya zama ba haka ba a cinye ka. Ni ma nakan juya masa ba ta gama ba. Ya fi dai ka tsaya tseren da ka san ba naka ba ne yanzu.

Ban ce kada ka je Legas ba. Ba ni da bakin hana ka, bayan ni na jawo. Kai da kanka ka ce maigidanka ya ce teburinka yana nan har ƙarshen wata in ka sake shawara. Dattijon kirki ne, kada ka ji kunyar koma masa, ko kafin tafiya ko bayanta. In ka ga za ka je, ka je da saninka, a matsayin mutum mai shekara talatin da ɗaya da zai gwada abin da ya rage masa, ba wanda zai je karɓo sarauta ba. In yaro ya cinye ka a gaban jama'a, ka miƙa masa hannu ka ce ya yi ƙoƙari, kada ka ce fad ne. Ni na kori dattijo saboda ya faɗa mini gaskiya, har yau in na tuna sai na ji nauyi. In ranka ya ɓaci ka ajiye abin ka yi alwala. Kada ka zauna awa da awa kana dannawa don huce haushi, hannun nan shi ne kuma abincinka, da shi kake kama ƙananan ƙusoshin waya. Kuma kada gasa ta haɗa maka azahar da la'asar.

Ka kuma tuna, yarinyar da ta cinye ka sau biyar ba daga sama ta faɗo ba. Duk abin da ke yatsunta kai ka zuba. Ranar da Nura yake tsalle yana kiran kujera, babu wanda ya ce malamin ya iya koyarwa. Ni ya kamata in faɗa, ban faɗa ba. Ga shi na faɗa yanzu a makare.

Saura abu ɗaya. Ɗazu da na gaya wa Jidda zan rubuta maka, sai ta tashi ta fita. Sai da na ɗauko biro ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Umma, ki rubuta masa ranar Talata ban bar masa ba."

Na ce wace Talata?

Ta ce wadda ta wuce, da ka dawo daga sallamar maigidanka a gajiye, ka ce yau ba ka da ƙarfin tsalle, ka ɗauki ƙaton nan mai tafiya kamar yana jan buhu, don wasa kawai. Ta ce a ranar haushinka take ji, da nawa, da na kanta, ta ƙudura a ranta sai ta yi maka cin da zai sa ka fasa tafiyar, ko me zan ce. Ta sa duk abin da take da shi. Ta ce ka tsaya wuri ɗaya kana karewa, ba ka bi ta ba, duk inda ta sauka sai ta tarar kana jiranta ka cafke. Sau uku kuka buga, sau uku ka kayar da ita. Kai kuma ka ajiye fad ka yi hamma ka ce wannan wasan tsofaffi ne, ba daɗi, ka tashi. Ta ce ta shiga ɗaki, ta rasa wanda za ta gaya wa cewa yau da gaske aka cinye ta.

Ta ce, "Ki ce masa na rantse. In bai yarda ba ya zo mu sake, ba zan ƙara bar masa ko ɗaya ba har in mutu."

Na san mai yiwuwa ba za ka yarda ba. Za ka ce wata dabarar ce ta lallashi, uwa da 'ya sun sake haɗa baki. Ba ni da abin da zan kafa maka shaida da shi, ni na zubar da wannan da hannuna. A cikin wata biyu da rabi sau uku ka ci da gaske, kuma na mayar da su abin shakka. Wannan ita ce cutar da na yi maka wadda ban san yadda zan gyara ba. Jidda tana gida gobe duk yini, ta ce ba za ta je ko'ina ba.

Ka yafe mini don Allah. In ba ka iya yanzu ba, zan jira.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya ba ka haƙurin abin da Ya karɓa, Ya sanya albarka a abin da Ya bar maka. In ka tafi, Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo mana da kai lafiya. In ka zauna, Allah Ya sa haka ne alheri. Ya jiƙan mahaifinka, Ya haɗa kanku kai da ƙanwarka a bayan raina. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka